Batir Na Biyu

Bara, a hanyar Gobernador Gregores,
muka kwana firiji na gurnani, fitila na ci.
Da safe na murɗa makulli,
mota ta yi tari ɗaya, ta yi gum.
Baldomero ya dubi kwalaben insulin ɗinsa,
ni na dubi hanya:
ba kowa sai guwanako uku, sun miƙe wuya suna kallon wautarmu.
Kilomita sha ɗaya na taka
kafin in hango hayaƙin wani gida.

Shi ya sa yau nake kwance ƙarƙashin a-kori-kura,
kwali a gadon bayana, iska na cusa mini tsakuwa a wuya.
Efraín na tsugune yana zuƙar mate,
bakinsa kaɗai ke aiki.

"Wannan waya ta yi siriri, Nélida.
Mita shida daga bonet zuwa ɗakin baya,
wuta ma tana gajiya da tafiya.
Ba ta hanya mai kaurin ɗan yatsa,
in ba haka ba da rabin kayanta za ta isa."
Na mayar da siririyar kanti,
na cika kuɗin ulun tumaki huɗu, ina tsaki.

Fiyus biyu, in ji shi, ba ɗaya ba,
kowane batir da nasa, tazarar taƙi daga bakinsa,
don duka biyun suna cizo.
Inda waya za ta ratsa ƙarfe
na sa mata zoben roba;
hanyar tsakuwa zarto ce, ba ta gaggawa,
amma sai ta yanke.
Baƙar waya kuwa, na goge fenti da sanfefa
har ƙarfen ya yi ƙyalli kamar sabon cokali,
na ɗaure noti, na shafe da giris.

Sai ɗan akwatin nan da bai kai sabulun wanka ba.
Shi ne mai tsaron ƙofa.
In inji ya tashi, lamba ta haura sha uku,
ya ce ƙas, ya buɗe,
batir biyu su ci a akushi ɗaya.
In inji ya kwanta ya sake cewa ƙas,
kowa tasa ta fisshe shi:
na baya ya ciyar da firiji har ya rame,
na gaba ba mai taɓa masa ko loma.

Na juya ƙaramar waya, ja a gurbin baƙa.
Tas! Ƙaurin roba.
Efraín ya yi dariya har mate ya sarƙe shi,
ya zaro wani fiyus daga aljihun riga
kamar tun jiya ya san da zuwan ranar.

Farantin sola na ɗora shi ni kaɗai,
guiwa ɗaya a kan rufi, iska na neman raba ni da shi.

Yanzu ga mu a bakin tafkin Cardiel,
buhunan ulu a jibge a baya, tukunya na huci.
Na kashe inji. Na kasa kunne.
Ƙas.
Baldomero ya ce daga cikin bargo,
"Da mu ma an sa mana irin wannan tun muna yara,
da shekarar da ulu ya faɗi ba mu tsotse juna ba."
Ban tanka ba. Na haska mita:
sha biyu da ɗigo takwas.

Ƙarfe uku na dare na farka, na sake haskawa.
Sha biyu da ɗigo huɗu.
Na buɗe firiji, na taɓa kwalba da bayan yatsa,
sanyi ƙalau.

Gari ya waye, raɓa ta daskare a gilashi.
Na daɗe riƙe da makulli ban murɗa ba.
Ya ce, "Me kike jira?"
Na murɗa.
Agwagin tafki suka tashi gaba ɗaya.