Gara Ta Riga Ni Karantawa

Barira ta aiko da kwali da la'asar sakaliya,
yara biyu suka sauke shi suna haki.
"Na Baba ne, Allah Ya jiƙansa,
tsarabar Alƙahira, shekara arba'in ke nan.
A ɗinke abin da zai ɗinku,
sauran a ba masu ƙosai."

Ni mai ɗinkin littattafai ne a Masanawa,
basilla, zare, ƙaro, jar fatar akuya.
Larabcina na zaure ne, yana ɗingishi,
ya san alwala da rabon gado,
bai taɓa shiga jarida ba.

Na zazzage a tabarma. Ashe duk mutum ɗaya ne,
wani Bamisire, gara ta fara da sunansa.
Ta bar mini hoto: tabarau mai kauri,
jar dara a karkace,
fuskar wanda aka kira yana tsaka da gardama.

Labarinsa na fara ɗagawa, na wani akawu
mai kwat ɗaya tilo,
kullum dare sai ya shimfiɗa ta ƙarƙashin katifa
don gari ya waye ta miƙe,
shekara sha ɗaya yana jiran ƙarin girma.
Kwana tara ina binsa da yatsa.
A na bakwai na ajiye, na yi tagumi:
wannan ai Isiyaku ne na sakatariya,
mai wucewa ta nan a keke, yana kare aljihunsa da ya yage.
Wa ya kai labarinsa bakin Nilu?

Sai jaridun, Malam Ma'aruf ya yanke su da reza,
duk mako shafi guda.
Kuɗin burodi. Hayar ɗaki. Wani hafsa da gonar marayu.
Wani wurin fari fat, kamar giɓin haƙori,
inda almakashin hukuma ya bi.
Daga nan kwanan wata ya yi tsalle, shekara biyu,
Malam ya rubuta a gefe da ajami:
"An kulle shi."

Da ya fito, sai kujerar majalisa.
Takardar ta yi sheƙi, jimlolin suka yi tumbi,
gaisuwa kaɗai ta ci shafi ɗaya da rabi.
A nan alƙalamin Malam ya huda takarda:
"In baki ya ci, ido ya ji kunya."

Ban sani ba, Malam.
Ka riga ni kwanciya, ba na musu da kai.
Amma can ƙasa, a shafi na sha huɗu,
na gan shi yana roƙa wa wani ƙauye famfo,
ya ambaci matan da sunayensu,
har da wadda tulu ya karya wa wuya.
Amsar da aka ba shi,
gara ta cinye ta, ba ta bar ko wasali ba.

Ban kai wa masu ƙosai komai ba.
Jaridun na shafa wa ƙaro, na jera su bakwai bakwai,
suka bushe suka zama bango,
da giɓinsu da fushinsu.
Jawabin na yanka siriri, na liƙa a gadon baya,
nan ne littafi ke fara karyewa.
Na rufe duka da fata, na danne da dutsen niƙa.

Barira ta zo da kanta ranar Laraba,
inuwar Gobarau ta fara tsawo.
Ta juya shi, ta auna a tafi,
ta ce, "Ɗaya kawai ya tsira?
Kuma ya na ji ya fi da nauyi?"

Na ce ta kawo dubu biyu,
in ta gama ta ara wa Isiyaku.