Jigon Mande

Shekara goma sha tara ina jan tifa,
na san warin birki fiye da warin ɗakina.
Ka sauko daga tudun da ake fasa dutse,
farin dutse shaƙe a gadon bayanka,
ƙafa kan birki, rai a maƙogwaro,
ƙarfe na cizon ƙarfe har ya yi ja.
Ƙarfin da dizal ya saya mini a hawa
sai ya tashi ƙauri, iska ta kai shi Wamakko.
Ban taɓa kiran wannan asara ba,
na ɗauka haka gangara take.

Ran da aka kawo sabuwar Kalambaina
ba salansa, ba tanki, ba tari da safe.
Yaran gareji suka shige ƙarƙashinta
suna neman bakin da take shan mai.
Injiniya Luba, ɗiyar Ɗan'ige,
ta hau gefena da hular kwano ta fi kanta girma.
Ta ce, Baba Cika, in mun kai gangara
ɗaga ƙafa daga totur, ka bar birki ya huta.
Na ce, yarinya, 'ya'yana bakwai.

Muka hau wayam, aka loda mu, muka juyo.
Allon gabana ya ce arba'in da ɗaya.
Na ɗaga ƙafa ina salati.
Motar ta yi wani gunji can ƙasa-ƙasa
kamar zuma cikin amya,
ta riƙe kanta.
Arba'in da biyu.
Na murza ido.
Da uku. Da biyar.
Luba ta ce, injin da ke tura taya a hawa
shi taya ke turawa a sauka,
sai ya koma janareta.
Nauyin dutsenka ne ke zuba wuta a batir.

Ban amsa ba, na tafi fadamar Rima.
Ina ɗan shekara tara, albasa na jin ƙishi,
babana Mande tsaye a gindin jigo,
curin laka ɗaure a wutsiyar sanda.
Na ce, me ya sa muke ɗaga laka a banza?
Ya ce, wanga curi ba ado na ba.
Kai ka ɗaga shi in ka duƙad da guga,
in guga ya cika, shi ka ɗaga maka.
Bashi na, kuma laka ba ta cin bashi.

Wannan tana ɗan ci.
Luba ba ta ɓoye mini ba:
taya na yagar nata, waya na yagar nata,
ranar Sakkwato kuma sai an yi wa batir fifita,
fankar ma ba kyauta take juyawa ba.
Ta ce kada in cika shi maƙil kafin in hau,
tulun da ya cika ba ya karɓar ruwa,
in ya ƙi karɓa, birkin ƙarfe zan koma.
Don haka nake barin masa wuri, kamar mai jiran tuwon dare.

Ɗan'ige, takalmin birki yake sayarwa a bakin titi.
Da, duk wata biyu sai na leƙa shagonsa.
Jiya ya tare ni a masallaci,
ya ce, na biya mata makaranta ta kashe mini kasuwa.
Yana faɗa yana gyara hula,
bakinsa ya ƙi rufuwa.

Jigon Mande ya daɗe da faɗuwa,
gwafa ɗaya ta rage, awaki na sosa jiki.
Da la'asar, bayan sahu na tara,
na sauka na ɗora tafi kan gangar birki.
Ɗumi kawai, kamar goshin jariri.
Na bar hannun a wurin
har mai awo ya yi mini hon.