Katunan Thenmozhi

Biyar da rabi, hazo bai ɗaga daga Maskeliya ba,
na tayar da keke mai ƙafa uku, yana tari kamar tsoho.
Ƙanwata ta shigo da kitso biyu, jan kirtani a bakinsu,
da ƙunshin katuna ɗaure da robar gashi.
Kalma goma kullum, in ji Malam Sinnathurai.
Wanda goma ta gagara ya kawo biyar,
ban da zuwa hannu rabbana.

Ni a aji takwas na ajiye biro.
Turancina na fasinja ne: ina za ka, nawa za ka biya, sauka lafiya.
Duk da haka ni ne mai jan baki.
Tana furtawa daga baya, ina gyaɗa kai a madubi
kamar na san inda aka dosa.

A kwanar farko ta ciro wata doguwa,
wai sunan abin da ba ya kai tsakar rana,
irin raɓar da ke kan ganyen shayi.
A gada ta ciro ta mai zuciya biyu,
yana so, yana ƙi, ya rasa wadda zai bi.
Wata kuma da harafi a gaba, ana rubuta shi, ba a faɗinsa.
Na ce wannan ai Baba ne a taron manaja.
Ta yi dariya har katin ya faɗi cikin taɓo.

Malam ya ce doguwar kalma rake ce,
ba a haɗiye ta, gaɓa-gaɓa ake bi:
ga kai, ga ciki, ga wutsiya,
in ka gane cikin, danginta duk sun zama naka.
Ya ce wadda ba ka sa a jimla ba aro ce,
mai ita zai zo ya karɓa kafin Asabar.

Haka kuwa aka yi.
Gwajin farko, sha ɗaya cikin arba'in.
Ta dawo ba ta ce uffan ba,
ta cusa katunan a gwangwanin sukari,
kwana uku muna sauka dutse shiru,
ni da ita da ƙarar inji.
Ran na huɗu na tambaye ta,
me Bature ke ce wa mai taurin kai?
Ta ce kalma uku ne, ɗaya yabo, biyu zagi.
Na ce ba ni ta yabon.
Da dare na ji murfin gwangwani.

Ƙarshen wata Inna ta dawo da kwando a baya,
yatsunta baƙi ƙirin da ruwan ganye,
da takardar albashi a naɗe cikin haɓar zane.
Shekara ashirin da shida tana dangwala yatsa
a ƙarƙashin layin da ba ta taɓa sanin muryarsa ba.
Thenmozhi ta matso da fitila.
Ta yanke kan kalmar, ta yanke wutsiyar,
ta daɗe tana duban abin da ya saura.
Ta ce, Inna, wannan tana nufin an zaftare.
Kilo uku kowace rana, wai nauyin jiƙar ruwa.
Inna ta ƙirga da yatsu.
Ta ce, watan nan sau biyu aka yi ruwa.

Abin da ya biyo baya ba na waƙa ba ne,
zuwa ofis sau huɗu, da jira a kan benci,
har yau rabin kuɗin bai fito ba.

Jarrabawa sai Disamba.
Katunan sun kai ɗari bakwai, roba ta tsinke, an koma igiya.
Jiya wata baƙuwa ta ce in tsaya ta ɗauki hoton hazo.
Na nuna mata shi da hannu, na faɗi waccan doguwar,
ta abin da ba ya kai tsakar rana.
Ta juyo ta dube ni.
Ban san ko na furta daidai ba.
Gobe a gada zan tambaya.