Talatin Suka Fita

Saje Bityong ba ta ɗaga murya.
A filin harbi, can bayan bariki,
inda jar ƙasa ke cin gwiwar wando,
takan bi layinmu tana duban hannuwa, ba fuskoki ba.
"Kurtu Ɗanlami, ina yatsanka?"
Yana kan kunama.
"Wa ya aike shi?"

Ni ɗan mai walda ne daga Kakuri,
na san ƙarfe tun kafin in san karatu,
na ɗauka harbi aka zo koyo.
Sai ga shi mako shida ana koya mini rashin yi:
ja da baya taku biyu,
sa bango a kafaɗarka,
buɗe baki kafin ka buɗe wuta,
dubi abin da ke bayan wanda kake saiti,
don harsashi bai san sunan kowa ba.

Ranar da na huda tsakiyar allo sau biyar
na juyo ina jiran yabo.
Ta tsinci kwanso ɗaya, da sauran zafinsa,
ta danƙa mini a tafin hannu.
"Mayar da shi," in ji ta.
Na ce, ranki ya daɗe, ba ya komawa.
Ta ce, "To."
Ta wuce wurin na gaba.

Shekara biyu ke nan.
Daren Talata, Rigasa, bayan jirgin ƙarshe ya sauke mutane,
an ɗauke wuta, ruwa ya tsagaita,
oba-oba ta ce an ƙwace babur a kusa,
mutum ɗaya, doguwar riga.
Sai ga doguwar riga
tana tahowa ta bakin kwata.

Tsaya!
Bai tsaya ba.
Tsaya, ɗan sanda ne!
Kofur Shekari ya haske shi da tocila,
mutumin ya zabura, ya cusa hannu cikin aljihu.
Na ji zuciyata a cikin haƙorana.
Bindigar ta hau kafaɗa da kanta,
yadda aka koya mata,
yatsan kuwa ya tsaya a waje, miƙe, yana rawa,
kamar yaron da aka ce ya jira a ƙofar gida.
A bayansa akwai teburin mai shayi,
da wani yana juya kofi.
Taku biyu baya.
Numfashi ɗaya.

Hannun ya fito da kati
a cikin leda, gefensa ya cinye.
Shekari ya karanta a hasken tocila:
Ni kurma ne. Sunana Barau. Gidanmu na Hayin Malam Bello.
Da lambar wayar ƙanwarsa.
Ɗaya hannun na riƙe da ƙullin tsire,
mai ya ɓata takardar.

Ya dubi bakin bindiga, ya dube ni,
ya yi wata alama da yatsu da ban gane ba.
Har yau ban tambayi kowa ma'anarta ba.
Muka raka shi har kwanar gidansu,
ba mai cewa uffan,
mu biyu da muke da bakin.

Da asuba, a tagar ma'ajiyar makamai,
Baba Maikano ya zazzage harsasan kan tebur,
yana turawa da gindin biro, bibbiyu,
yana hamma.
Talatin suka fita, talatin suka dawo.
Ya rubuta, na sa hannu,
sa hannun bai yi kama da nawa ba.

Ba a ba da lambar yabo a kan wannan.
Ɓarawon babur ma ba mu kama shi ba.
Kwanson nan na Saje yana aljihuna na hagu,
tare da kuɗin mota.
Na sayi ƙosai a bakin titi,
na kasa ci sai da rana ta yi.