Ladanin Asuba

Shekara talatin da biyu Baba na kiran salla
a masallacin bakin kasuwa, ba lasifika,
muryarsa kaɗai ke tsallake gonar Cindo
ta tada masu ban-ruwa a fadama.

Bara da kaka muka fara ji.
Asuba tangaran, kamar an buga tasa.
Azahar da sauƙi.
La'asar na yi, murya ta koma hanci.
Isha'i kuwa yakan tsaya tsakiyar shahada
ya yafito Tanimu ya ƙarasa.

Fatar idonsa ta dama ta sauko
kamar asabarin da igiyarsa ta saki.
Ya ce, "Hansatu, wata biyu nake gani."
Na ɗauka lissafin azumi yake,
ashe sama yake duba, daren sha huɗu.

Gwaggo Tabawa ta ce ba sai an je nesa ba:
"Maƙoƙo ne, a jininmu yake, dubi wuyana."
Ta kwance masa ƙullin ƙwayoyinta.
Da ban riƙe hannunsa ba da ya haɗiya.

Don ni na yi jinyar Gwaggo a Jahun, na san nata.
Gumi take yi kowa na jin wuta,
ta tashi da malmala uku, zane na zamewa daga ƙugu,
ludayi na rawa a hannunta,
zuciya na sukuwa ko tana kwance,
idanu sun firfito, ko a barci ba sa haɗuwa.
Safe da yamma duk ɗaya gare ta,
wutar jikinta ba ta san lokaci ba.

Ciwon Baba kuwa da agogonsa.
Ya tashi da ƙarfin saurayi, rana ta riƙa gutsurarsa.
Loma uku, muƙamuƙi ya gaji,
ya tallafe haɓa da tafi,
ya kurɓi ruwa, ruwa ya biyo ta hanci.
In ya ɗan kishingiɗa ƙarfi ya dawo
kamar rijiyar da aka ƙyale ta tsattsafo.
Nata ido ya ƙi rufuwa, nasa ya ƙi buɗewa,
ta ina suka zama ɗaya?

Muka sayar da buhun riɗi muka hau motar Dutse.
Likitar, wata siririya mai tabarau,
ta shafa wuyansa, ta ce ya haɗiyi yawu,
ta ƙirga bugun hannunsa,
ta ce ya kafa wa rufin ɗaki ido.
Ina kallo fatar na sulalowa a hankali.
Sai ta aika a karɓo ƙanƙara wurin mai zoɓo,
ta naɗe a ƙyalle, ta ɗora masa minti biyu.
Tana ɗaukewa idon ya buɗe tar,
har ya hango tabon manja a mayafina.

Ta ce saƙo ne ke yankewa tsakanin jijiya da tsoka.
Sunan dogo ne, na ce ta rubuta mini.
Duk da haka ta ɗebi jini kwalba biyu:
"Wani sa'in su biyun kan sauka gida ɗaya,
ba na rantsuwa da abin da ido ya gani."
Ta ja mini kunne: ran da numfashi ya yi nauyi,
ko tsakar dare ne, kada mu jira gari ya waye.

Sakamako ya fito, wuyan Baba lafiya lau.
Gwaggo ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata.

Yanzu ni ke ƙirga masa ƙwaya kafin ya zauna ga akushi.
Sun raba da Tanimu, yaro ya ɗauki huɗu,
Asuba ta Baba ce.
Ina kwance nakan ji ƙarar buta, jan takalmi,
gyaran murya sau biyu,
sannan ta tashi, ta tsallake gonar Cindo.
Ba na motsawa sai na ji ya kai ƙarshe.