Kwana Biyar a Akwatin Ɗumi

Damina ta yi nisa a Kurmin Mashi,
bangon ɗakin Baba yana gumi.
Na buɗe adakarsa, wari ya tare ni,
irin na rijiyar da aka daɗe ba a ja ba.

Littafi goma sha ɗaya ya bari.
Ɗaya duk tabo, ja-ja, kamar mai ƙyanda,
na ware shi gefe, na ce wannan ya tafi.
Ɗaya kuwa fes, wanda ya kwafa da hannunsa
shekarar da ya bar aikin reluwe.
Shi na naɗe a leda biyu tun sadakar bakwai,
na ɗaure baki, kar ko ƙuda ya sauka.

Balaraba ta zo daga ɗakin gwaji,
safar hannu, takunkumi, ko zama ba ta yi ba.
Tsinke mai auduga a ka
ta goga a gefen shafi, a hankali,
kamar mai sa wa jariri kwalli.
Kowane tsinke da kwalbarsa, kowace kwalba da lamba.
Na ce, ai ido ya riga ya gani.
Ta ce, ido ya san ƙima, Malam Tanimu,
amma ba wannan ƙimar ba.
Shuka za mu yi. Mai rai zai tsiro.

Ta shafa a farantan gilashi
kan wani abu kamar daskararren koko,
ta rufe, ta kai akwatin ɗumi.
Kwana biyar. An ɗauke wuta, janareta ya riƙe.

Ran Laraba na je.
Farantin mai tabo wayam.
Tsatsar tsufa ce, in ji ta, wataƙila da shayi.
Shayi ne. Na tuna kofin.

Farantin na leda kuwa gona guda:
kore, baƙi, da fari mai gashi kamar audugar rimi.
Ta ɗiga shuɗin ruwa, ta ce in leƙa madubi.
Na ga zare, na ga kawuna kamar zangarniyar dawa,
dubbai, suna jiran iska.
Fumfuna ce, ta ce. Leda ta riƙe mata laima.

Na yi shiru.
Ni na ɗaure bakin.

Yanzu yana kan tebur, a inuwa,
shafi a buɗe, fanka tana juyawa.
Ina bin sa da burushi mai laushi, hancina a rufe,
rubutun Baba yana shan iska
karon farko cikin shekara uku.