Yatsu Huɗu

Shekara goma sha tara ina hawan keken Yaya Fusaini.
Shi dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga ɗakin Inna;
ni kuwa ko a sahun salla kafaɗun mutane nake kallo.
Da ya tafi bai dawo ba, keken ya zama nawa,
amma bai taɓa yarda ni ne mai shi ba.
Kullum asuba, burodi sittin a kan kariya,
daga Aboabo zuwa Asawase,
ina miƙa babban yatsa ina roƙon feda,
ƙugu na tuƙa tuwo dama da hagu,
in zan tsaya sai na nemi dutse ko bakin kwata.
Zanen aro, in ji Inna, ba ya rufe katara.
Katarar ce ta fara kai ƙara, gwiwa ta zo shaida.

Ran Talata na ƙulle sidina a leda na sauka Alabar.
Kekuna rataye kamar naman layya,
warin roba da baƙin mai.
Idona ya faɗa kan wani ja mai ƙahon rago,
giya ashirin da ɗaya,
ni da ko ɗaya ban taɓa kurɓa ba.

Munkaila mai shagon bai dubi ledata ba,
ƙafata ya duba, da garin fulawa a wandona.
Ya ce, "Bar jan nan, na 'yan tsere ne.
Haye wannan. A'a, kar ka zauna.
Tsaya, tafin ƙafa biyu a ƙasa.
Sa hannu tsakaninka da sandar. Yatsu nawa?"
Na ce huɗu, a hankali,
don mai wake da shinkafa tana kallonmu.
Ya ce, "Huɗun nan su ne zaman lafiyar zuriyarka."

Ya kwance sirdi, ya ɗaga, ya sauke gaɓar yatsa guda.
"In feda ta kai ƙasa, gwiwa ta ɗan rusuna,
rusunawar gaida sa'a, ba ta gaida suruki ba."
Ya jawo kan keken kusa da ƙirjina
har wuyana ya daina leƙen katanga.
Ya matso da birki bakin yatsuna:
"In sai ka yi tsalle za ka kamo shi,
torotoron Kejetia ba ya jiran kowa."

Sai tarkace.
Madigadi, don ruwan Kumasi ba ya sallama.
Fitila fara a gaba, ja a baya, tunda da duhu nake fita.
Kwaɗo, famfo, ɗan gwangwanin faci.
Na ɗauki madubi da geza, ya karɓe ya mayar:
"Sai ka yi riba."
Hular kwano na ƙi, na ce ni ba soja ba ne.
Ya ƙwanƙwasa goshina da bayan yatsa:
"Taya ana yi mata faci. Wannan fa?"
Na biya. Ya ɗaure maɗaurin, yatsa ɗaya ƙarƙashin haɓa.

Ƙararrawa kaɗai na ce ina da ita.

A hanyar gida danja ta tsayar da mu.
Na sauke ƙafa,
ƙasa tana nan, kusa, kamar dama jirana take.
Ban san me ya cika min ido ba.
Mai tasi na baya ya yi ta hon.

Da dare na kwance ƙararrawar Yaya na ɗaura wa nawa;
muryarta ta dushe, amma masu shayi sun san ta.
Tsohon keken na jingine da bango.
Ɗansa Dawuda, da ya gado tsawon ba tare da ya ga uban ba,
ya zo yana shafa sirdin.
Na ce haye, kar ka zauna. Yatsu nawa?
Ya ce biyu, Baba.
Na ce to, jira damina ta zagayo.